Sunan ya fito? Yadda ake rabon guraben manyan jami'o'i, da inda ɗan Bahaushen Legas ya tsaya

Daga tsakiyar damina har zuwa ƙarshen shekara, tambaya ɗaya ce ke zagaya duk gidan Bahaushen Legas da ke da yaron da ya gama sakandare: sunan ya fito? Ana yin ta a Agege da Idi-Araba, ana yin ta a Obalende da Alaba Rago da Mile 12. Uba zai dawo daga kasuwa, tun bai cire takalmi ba ya tambaya. Uwa kuwa ta riga ta tambaya tun da hantsi. Yaron ya duba waya har idonsa ya gaji, amsar ba ta canja ba: "Baba, har yanzu cewa suke ana kan aiki."

Yawancin iyayen nan ba su san me ake yi a cikin wannan aikin ba, kuma rashin sanin ne ke mayar da jiran azaba. Wanda bai san yadda ake rabo ba, duk abin da aka gaya masa zai ɗauka. Wannan ya ce sai da hanya, wancan ya ce sai an miƙa wani abu, wani ya ce ai ba sa ɗaukar 'yan Arewa. Ba wanda zai rantse cewa babu son kai a ko'ina. Amma kaso mafi girma na hukuncin nan lissafi ne da ake iya yi a kan takarda, kuma uban da ya gane lissafin ya fi amfanar ɗansa a kan wanda ke yawon neman lambar wani babba.

Tushen matsalar yawa ne. A 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar shiga jami'a ta UTME, wadda hukumar JAMB ke shiryawa. Darussa 4 ne, Turanci dole, jimillar maki 400. A sakamakon farko da aka fitar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu 13 ba. Sai mutum ya ɗauka duk wanda ya haura 250 ya tsira. Ba haka ba ne, domin masu manyan makin nan ba warwatse suke a jami'o'in ƙasar ba, waɗanda yawansu ya haura 250. Cunkushe suke a ƙofar 'yan makarantu kaɗan: Jami'ar Legas, ta Ibadan, ta Ile-Ife, ta Ilorin, ta Nsukka, ta Benin, ABU a Zariya, BUK a Kano, sai Jami'ar Jihar Legas, LASU, da ke Ojo, wadda a 2025 ita ce ta zo kan gaba a yawan masu zaɓarta. A cikin makarantun ma kwasa-kwasai ƙalilan kowa ke so: likitanci, jinya, haɗa magunguna, shari'a, kimiyyar kwamfuta. Motar da ke cin mutum 18 ce, fasinja 500 suka yi mata layi, alhali ga wasu motoci can gefe ba su cika ba.

Kuma jami'ar ba ta da ikon ƙara kujeru yadda ta ga dama. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i ce ke ƙayyade mata yawan ɗaliban da za ta iya ɗauka. A likitanci akwai wani takunkumin a kai, na majalisar likitoci ta MDCN, wadda ke duba yawan malamai da ɗakunan gwaji da gadajen asibitin koyarwa kafin ta ce ga adadin da za a horar. A shari'a ma akwai majalisar da ke yanka wa kowace jami'a kasonta, saboda duk wanda ya gama sai ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, ita ma kujerunta ƙidayayyu ne. Jami'ar da ta zarce adadinta, takunkumi take jawo wa kanta da ɗalibanta. Shi ya sa yaron da aka haifa a Idi-Araba, wanda kullum yake wuce ƙofar asibitin koyarwa na LUTH da Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas, zai iya cin 300 ya ga ƙofar nan ta ƙi buɗe masa. Ba ƙiyayya ba ce. Waɗanda suka fi shi maki sun fi kujerun yawa.

To, kujerun da ake da su, yaya ake raba su? A jami'o'in gwamnatin tarayya ƙofa uku ce. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla: a jera kowa daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, ba ruwan kowa da jiharka. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware shi wa jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, su 23, ciki har da Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Bauchi, Borno da Yobe, da wasu na Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. Idan kwas yana da kujera 100, to 45 ne kawai kowa da kowa ke kokawa a kansu.

A nan ne lamarin ɗan Bahaushen Legas ya zama na daban, kuma nan ne na fi so iyaye su tsaya su fahimta. Yankin Jami'ar Legas jihohi 6 ne: Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. Abin da ake dubawa shi ne jihar asali da aka rubuta a fom, ba inda aka haifi yaro ko inda ya yi makaranta ba. Yaron da kakansa ya zo Agege tun zamanin fataucin goro a jirgin ƙasa, wanda aka yanke wa cibiya a nan, yake jin Yarbanci kamar Hausa, ubansa na biyan haraji a nan, idan takardarsa ta ce ɗan Katsina ne, to wannan kashi 35 ba nasa ba ne. Abokinsa da suka zauna benci ɗaya, mai asalin Ekiti, wanda wataƙila bai taɓa kwana a Ado-Ekiti ba, yana iya shiga da makin da ya gaza nasa. Iyaye su ga haka su ce an yi musu wariya. Zafin da suke ji gaskiya ne, kuma ni ma ina ganin tsarin da ke mayar da haifaffen gari baƙo a garinsu yana buƙatar gyara. Sai dai ba wani ma'aikaci ne ya zauna ya cire sunan ba, ƙa'idar ce haka, kuma ita ce dai ke hana ɗan Ekiti da aka haifa a Sabon Gari cin kason 'yan yanki a BUK.

Ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne wannan takardar ta Katsina tana da nata amfanin. Ita ce ke sa yaro cikin masu haƙƙi a kashi 20 ɗin can. Jadawalin makin da Jami'ar Legas ke wallafawa yakan nuna na cancanta da na jihohin nan 6, don haka iyaye da yawa ba su ma san da ƙofa ta uku ba. Shi ya sa nake jin takaici idan na ji uba na neman a yi wa ɗansa takardar zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma ta Legas ta bayan gida. Na farko, ƙarya ce da za a iya ganowa ranar tantance takardu, a kori yaro bayan an gama murna. Na biyu, ya fitar da shi daga layin da ba shi da tsawo ya kai shi layin da ya fi kowanne cunkoso. Abin da ya kamata shi ne tun yaro na aji biyar na sakandare a je gida a karɓo sahihiyar takardar ƙaramar hukuma, a tabbatar jihar da ke cikinta ita ce ke cikin rajistar NIN da fom ɗin JAMB.

LASU kuwa, wadda gwamnatin Lateef Jakande ta kafa a 1983, jami'ar jiha ce, kuma kamar kowace jami'ar jiha 'yan asalin jiharta take fifitawa, har da tantance su ta musamman. Tana ɗaukar waɗanda ba 'yan jiha ba, yaranmu da dama sun yi karatu a can, amma a manyan kwasa-kwasai rabonsu ƙanƙane ne. Ɗan kasuwar Alaba Rago da ke hango katangarta daga rumfarsa ya san da wannan kafin ya sa ɗansa ya zaɓe ta don kusanci kawai. Irin gatan da ɗan Epe ta jihar Legas ke da shi a LASU, shi ne ɗan Katsina ke da shi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Jigawa a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ɗan Kano a ta Wudil.

Sai lissafin makin kansa. Iyaye sun riƙe makin JAMB kamar shi ne komai, shi ake faɗa a majalisa, shi ake tura wa dangi a WhatsApp. Kowace shekara ana taron da ake tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a, a 2025 aka ce 150. Wannan adadin ba ya nufin komai ga mai neman babbar jami'a. Jami'ar Legas ba ta sauraron wanda bai kai 200 ba, ba ta sauraron wanda bai sa ta a zaɓin farko ba, kuma kiredit 5 ɗin da take nema a zama ɗaya take son su, ba a haɗa WAEC ta bana da NECO ta bara ba. Wanda ya cika waɗannan, ya samu izinin shiga gasa ne kawai.

Yadda ta saba haɗa maki shi ne: a raba makin JAMB gida 8, ya ba da kashi 50. Jarrabawar tantancewa da jami'ar ke yi da kanta, wadda ake kira Post-UTME, kashi 30. Sakamakon WAEC ko NECO kashi 20, inda A1 ke da maki 4, B2 3.6, B3 3.2, a yi ta sauka har C6 mai maki 2. Ɗauki yarinyar da ta ci 280. Wannan ya ba ta 35. Ta samu 22 cikin 30 a tantancewa. A darussa 5 da kwas ɗinta ke buƙata tana da A1 ɗaya, B2 biyu, B3 ɗaya da C4 ɗaya, jimilla 17.2. Duka ya tashi 74.2. Wannan maki ne mai kyau da zai shigar da ita kwasa-kwasai da yawa, amma likitanci a layin cancanta yakan tsaya wajen 80 ko sama da haka. Gida ana ta shelar 280, ita kuwa tana ƙasa da layi da kusan maki 6.

Duba abin da lissafin nan ke nunawa. Maki ɗaya tak a jarrabawar tantancewa daidai yake da maki 8 na JAMB. Bambancin A1 da C6 a darasi ɗaya daidai yake da maki 16 na JAMB, a darussa 5 kuwa maki 80 ke nan. Yaron da ya ci 260 da A1 biyar ya sha gaban wanda ya ci 320 da C6 biyar, idan sun yi kunnen doki a tantancewa. Amma a gidajenmu da zarar sakamakon JAMB ya fito da kyau sai a saki jiki, a ce yaro ya huta, ko ya je rumfa ya taya aiki, a bar jarrabawar da kowace tambaya a cikinta ta fi tsada ba shiri. Sauran jami'o'i kowace da nata tsarin, wasu ba sa yin rubutacciyar jarrabawa sai duba takardu, don haka abu na farko shi ne a nemo tsarin makarantar da yaro ya zaɓa a shafinta, a zauna da biro a buga. Uban da bai yi boko ba ma zai iya cewa: "Zo nan, buga mini lissafin a gabana, nawa ka tashi da shi, nawa suka tsayar bara?" Mutumin da ke lissafin buhun albasa ɗari da ka, wannan ba zai gagare shi ba.

Makin da za a tsayar kuma ba a saninsa tun farko, domin ba wani ne ke zaɓarsa ba. Jera mutane ake yi, inda kujera ta ƙare nan layin ya tsaya. Na bara manuniya ce kawai.

Abin da yaro ke dubawa a waya shi ne CAPS, manhajar da JAMB ta kawo a 2017 ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede don duk wani gurbi ya bi ta hanya ɗaya. Jami'in ɗaukar ɗalibai na jami'a ne ke gabatar da suna, shugaban jami'ar ya amince, a tura wa JAMB ta duba ko an bi ƙa'ida, sannan gurbin ya bayyana ga ɗalibi. Idan an tsallake mai maki sama an ɗauki na ƙasa a layi ɗaya, manhajar na nunawa, kuma JAMB na iya tambayar dalili. Saboda matakan nan ne rubutun da ke cewa ana kan aiki yake iya ɗaukar makonni. Haka rubutun da ke cewa ba a ɗauka ba, a farkon kaka ba hukuncin ƙarshe ba ne, domin sunaye rukuni-rukuni suke fita: na cancanta tukuna, sannan sauran, sannan cike guraben waɗanda aka ba su ba su karɓa ba.

Yara da yawa ba ƙarancin maki ke kayar da su ba, ƙananan abubuwa ne da ake iya gyarawa a cikin wannan zaman jiran. Wanda ya cike fom yana jiran sakamakon WAEC, dole bayan ya fito ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a CAPS. Idan ba a ɗora ba, ko 350 ya ci jami'a ba za ta iya gabatar da shi ba. Akwai haɗin darussa: mai son likitanci sai da Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, wanda ya sa Lissafi a madadin ɗaya ya fita tun ranar rajista bai sani ba. Akwai shekaru: bayan ce-ce-ku-cen 2024 kan shekara 18, an dawo an tsayar da 16. Sai matsalar da ta fi damun mu, ta suna. A takardar haihuwa Muhammadu, a WAEC Mohammed, a NIN Muhammad. Makarantar firamare ta sa sunan uba a matsayin sunan dangi, ta sakandare ta sa na kaka, wani wurin kuma sunan garinsu. Ma'aikacin da ke tantancewa a Jami'ar Legas da ke Akoka bai san duk mutum ɗaya ba ne, abin da ke kan takarda yake gani. Gyaran nan yana cin lokaci, gara a fara shi yau da a fara ranar da suna ya fito.

Akwai kuma abin da nake gani a shagunan kwamfuta na unguwanninmu wanda ke tayar mini da hankali. Uba ya kawo yaro, ya ce wa mai shago: "Malam, ga shi nan, ka yi masa duk abin da ya dace," ya biya ya koma kasuwa. Mai shago ya buɗe imel da kansa, ya sa kalmar sirri da shi kaɗai ya sani, wani lokacin har da layin wayarsa. Bayan wata shida an ba yaro gurbi, saƙo ya tafi inda ba wanda zai gani. Gurbin nan kuwa ba ya tabbata sai ɗalibi ya shiga CAPS ya danna cewa ya karɓa, kuma akwai wa'adi. Wani lokacin jami'a kan ga bai kai makin kwas ɗin da ya nema ba ta miƙa masa wani, shi ma sai ya amince kafin a ci gaba. Layin da aka yi rajista da shi, da imel, da kalmar sirri, su kasance a hannun yaro, a rubuce kuma a wurin uwarsa.

Ba wai na'urar ba ta kuskure ba ne, mu a Legas mun gani da idonmu. A ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban JAMB ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, kuma fiye da dubu 200 daga cikinsu a Legas suke, sauran a jihohin Kudu maso Gabas. Aka sake musu jarrabawa cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne yadda gaskiyar ta fito: iyaye da malamai ne suka ƙi yin shiru, suka ce wannan makin ba na yaranmu ba ne, suka kai ƙorafi a fili da hujja. Wanda ya buga lissafinsa ya ga ɗansa ya haura makin da aka wallafa amma ba a ɗauke shi ba, yana da damar rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar, ya kuma shigar da ƙorafi ta shafin JAMB, kyauta.

Wannan ita ce hanya, ba ta dillalai ba. A irin wannan lokaci ne suke fitowa, wani ma da Hausa zai yi maka magana, ya ce: "Alhaji, kar ka damu, akwai mutuminmu a ciki, kujera biyu ta rage." Wasu su ce za su ƙara makin JAMB. Ba mai iya ƙara shi, takardar bogi za su buga maka. Ko da an samu wanda ya cusa yaro aji ta bayan fage, gurbin da bai bi ta CAPS ba haramtacce ne a wurin hukuma, sunan ba zai shiga rajistar ɗaliban JAMB ba, kuma da ita ake tura mutum bautar ƙasa. Sai bayan shekara huɗu ko biyar na kuɗin makaranta da na mota a tarar da ramin.

Akwai gidaje ƙalilan, a Ikoyi da Lekki da cikin manyan 'yan canji, da nasu jiran na ƙasashen waje ne. Can lissafin ya sha bamban. Oxford da Cambridge a Ingila na rufe karɓar takardu a tsakiyar Oktoba, su yi wa waɗanda suka zaɓa tambayoyin baka a Disamba, amsa ta zo a Janairu. Manyan jami'o'in Amurka 8 da ake kira Ivy League kan saki tasu amsar rana ɗaya a ƙarshen Maris. A 2024 mutum 54,008 suka nemi Harvard, ta ɗauki 1,937, ƙasa da 4 cikin 100. Babu wani maki da aka wallafa wanda in ka kai ka shiga. Ana duba sakamako, da rubutun da yaro ya yi a kan kansa, da wasiƙun malamansa, da abin da ya yi a wajen aji, kuma ana mayar da dubban masu sakamako marar aibi ba tare da an gaya musu dalili ba. Amsa uku ce: an ɗauka, ba a ɗauka ba, ko a sa ka jerin masu jiran ko wani zai fasa. Bayan ita kuma ga kuɗi, tun da aka bar darajar naira a hannun kasuwa a Yunin 2023, ga biza. 'Yan kaɗan irin Harvard, Yale, Princeton da MIT ne ke ɗaukar ɗan ƙasar waje ba tare da duba aljihun ubansa ba, su cike masa abin da ya gaza. Duk da laifuffukan tsarinmu, ya fi wannan fitowa fili, domin a nan uba na iya buga lissafi ya san inda ɗansa ya tsaya.

Abin da lissafi ba ya nunawa shi ne halin da yaron ke ciki. Duk tambayar da aka yi masa, ji yake kamar tuhuma ce. Abokansa na saka hoton takardar gurbinsu a waya, shi yana zaune. A Mayun 2025 jaridu sun ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 19 a yankin Ikorodu da ta hallaka kanta bayan ta ga makinta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada mu ce namu ba za su yi ba don suna da tarbiyyar addini. Baƙin ciki ba ya tambayar ƙabila, kuma yaranmu sun iya haɗiye abu su yi shiru a gaban manya. Kalma irin "duk kuɗin da na kashe a kanka" tana zama a zuciya shekaru. A tsayar da rana ɗaya ko biyu a mako da za a duba tare, sauran kwanakin a bar shi ya yi wani abu mai amfani, ko hadda, ko koyon sana'a, ko kwamfuta. Wanda aka ga ya daina cin abinci, ya daina fita, ya daina magana, a zauna da shi, in ya yi tsanani a kai shi asibiti.

'Ya mace kuwa jiranta ya fi nauyi. Namiji in ya rasa bana ana cewa ya sake badi. Ita sau da yawa dama ɗaya ake ba ta, kuma an ɗaure ta da sharaɗin sai makarantar da za ta je ta dawo gida, ma'ana Akoka ko Ojo, biyu daga cikin wurare mafi tsauri a ƙasar. In ba ta samu ba sai a ce ai an gwada, a shiga maganar aure. Alhali da makin nan nata, a jami'ar jiharsu ko a BUK ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda take cikin 'yan yanki kuma akwai gwaggo ko kawun da za ta zauna a hannunsu, da wataƙila ta samu kwas ɗin da take so. Mu ne kuma muke kukan rashin likitoci mata da ungozoma masu jin Hausa idan matanmu sun je asibiti.

JAMB na ba da damar canjin makaranta ko kwas, da ɗan kuɗi kaɗan, amma amfaninsa na ga wanda ya yi da wuri, kafin makarantar da zai koma ta rufe tantancewarta. Shi ya sa buga lissafi tun a Agusta ya fi jiran Disamba. Wanda ya ga tazarar ta yi yawa, ya sauya. Wanda ya dage sai wannan kwas, akwai karatun share fage na kusan shekara guda, IJMB da ABU ke kula da shi ko JUPEB da ke da cibiya a Jami'ar Legas, wanda ke kai mutum aji biyu kai tsaye in ya ci da kyau, ko da yake a likitanci da shari'a can ma gasar ba sauƙi. Sakamakon UTME na shekararsa ne kawai, mai son sakewa sai ya sake rajista a farkon shekara.

In kuma Allah ya sa sunan ya fito, kwanakin da ake bayarwa na biyan kuɗi da tantance takardu ba su da yawa. Kuɗin Jami'ar Legas ya tashi ƙwarai a 2023, har ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage, ɗakunan kwana kuma ba sa isa, haya a Akoka da Yaba da Bariga ba wasa ba ce. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati, babu kuɗin ruwa a cikinsa, ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye a kuma ba shi na kashewa duk wata. Amma sai mutum ya zama ɗalibi yake nema, don haka kuɗin farko daga aljihun gida zai fito, kuma a watannin jiran nan ya kamata a fara ware shi, tare da haɗa takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, sakamakon asali da hotuna a jaka ɗaya.